Toledo ko Avila? In yini ɗaya ya rage maka a Madrid kuma da kanka kake son zuwa

Duk wanda Allah ya kai shi Madrid, ko aiki ne ko karatu ko taro, in dai ya samu rarar yini ɗaya to shawarar da zai fara ji ita ce ya fita ya ga ɗaya daga cikin tsofaffin garuruwa masu ganuwa da ke kewaye da birnin, kuma sunaye biyu ne ke yawan fitowa, Toledo da Avila. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ambatonsu kamar abu ɗaya ne, wai ai duk tsohon gari ne mai ganuwa, in ka ga ɗaya ka ga ɗayan. Wallahi ba haka bane ɗan'uwa. A Avila ganuwar ita ce abin kallon, ita za ka je dominta, ka hau kanta ka taka ta da ƙafarka. A Toledo kuwa ganuwar kan hanya take, ka shiga ta ƙofa ka manta da ita, abin da ke ciki shi ne zai cinye maka yinin. In ka riƙe wannan to rabin shawarar ta yanku, sauran maganar hanya ce da ƙarfin gwiwarka da watan da ka zo.

Mu fara da hanya tunda ita ce ke fara ɓata wa mutane lissafi. Toledo tana kudu da Madrid, wajen kilomita 70, kuma tun 2005 akwai jirgin ƙasa mai gudu da ke zuwa can daga tashar Atocha, kamfanin Renfe ne, sunan jirgin Avant, minti 33 ko kusa da haka ka sauka. Ga sauri kam ba magana, amma tikitinsa na kujera ne da lokaci, ba irin wanda zaka saya ka hau duk wanda ya zo ba, in kujeru suka ƙare sun ƙare. Na safe da na yamma su ne ke fara cika musamman Asabar da Lahadi, saboda haka kada ka sayi na zuwa kaɗai kace in na gama yawo na sayi na dawowa a can, a nan mutane ke maƙalewa su zauna a tasha suna jiran jirgin da ke da gurbi. Sayi zuwa da dawowa tare tun kwana biyu uku kafin ranar, ta intanet ko a injin tikiti na tasha, ya ma fi sauƙin kuɗi. Sannan Atocha babbar tasha ce mai hawa hawa, ana saka kaya a na'urar bincike kafin a shiga, kuma suna rufe ƙofar shiga minti 2 kafin tashi, to ka je da rarar akalla minti 30 in ba ka san tashar ba.

Akwai kuma bas na kamfanin ALSA daga tashar Plaza Elíptica, wanda ke tafiya kai tsaye yana cin kusan awa ɗaya, wanda ke tsayawa a ƙauyuka kuwa ya kan kai awa ɗaya da rabi, to ka duba wanne ka hau. Kuɗinsa kusan rabin na jirgi ne, yana tashi akai akai, kuma ga wanda ba ya son a ɗaure shi da agogo gaskiya bas ɗin ya fi kwanciyar hankali. Ni abin da nake ba da shawara shi ne in otal ɗinka kusa da Atocha yake ka hau jirgi, in kuma sai ka ratsa gari kafin ka isa can to ribar minti 30 ɗin ta riga ta tafi a hanya, ka hau bas kawai.

Avila kuma tana arewa maso yamma, wajen kilomita 110, ba jirgi mai gudu, na talakawa ne da suke kira Media Distancia, daga tashar Príncipe Pío, kusan awa ɗaya da rabi. Bas kuma daga Estación Sur da ke Méndez Álvaro, shi ma kusan haka. Kenan zuwa da dawowa awa 3 sun tafi a zaune, Toledo kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Amma fa kar wannan ya ruɗe ka, domin Avila ƙarama ce, awa 5 sun ishe ka ka ganta a tsanake, Toledo ko ka ba ta awa 9 sai ka bar wasu wuraren baka shiga ba. Kuma hanyar jirgin Avila ita kanta abin kallo ce, yana hawa ta cikin duwatsun Guadarrama, ya bi ta wajen tsohuwar fadar sarakuna ta El Escorial, ga dazuzzuka ga manyan duwatsu zube a fili, ba za ka ji tsawon tafiyar sosai ba.

To ka sauka a tasha, sai me? Nan ma akwai bambanci babba. A Avila daga tashar jirgi zuwa bakin ganuwa tafiyar ƙafa ce ta kamar minti 15, kusan a miƙe, ba wani hawa mai wahala. A Toledo tashar tana ƙasa, garin yana can saman tudu, kogin Tajo ya naɗe shi ta gefe uku. Tashar ma kanta ka tsaya ka kalle ta kafin ka wuce, ginin wajen 1919 ne amma an yi shi da salon ginin Musulmin Andalus, jan bulo da tagogi masu lanƙwasa da hasumiyar agogo kamar ta masallaci. Daga nan ko ka hau bas na gari mai zuwa dandalin Zocodover, ko tasi, ko ka taka ka haye gadar Alcántara wadda asalinta tun zamanin Rumawa. In ƙafarka lafiya ka taka, shigar garin ta wannan gadar ta fi kowace kyau, amma ka sani hawa ne sosai bayan gadar. Sun yi matakala masu tafiya da kansu a wurare biyu, ɗaya ta wajen tashar bas da ke kai ka kusa da Zocodover, ɗaya ta Recaredo a gefen arewa, kyauta ne, kuma mutane da yawa basu san da su ba sai sun gama haki.

Yanzu maganar abin gani. Bari in daɗe kan Toledo kaɗan domin ita ce mai kaya. Garin ya taɓa zama babban birnin sarakunan Bisigot kafin Musulmi su shigo Sifaniya a 711, ya zauna a hannun Musulmi sama da shekara 370, har ya zama masarauta mai cin gashin kanta a ƙarni na 11 ƙarƙashin gidan Banu Zin-Nun, a lokacin ne masanin taurari Az-Zarƙali ya yi aikinsa a can. A 1085 sarki Alfonso na 6 ya karɓe garin. Bayan haka ne Toledo ta zama wurin da aka zauna ana juya littattafan ilimi daga Larabci zuwa Latin, irin su Gerard na Cremona da ya fassara littafin likitancin Ibn Sina, wanda makarantun Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna karantarwa da shi. Sai a 1561 sarki Filibus na 2 ya mai da fadarsa Madrid, garin ya tsaya cak, kuma wannan tsayawar ce ta sa lungunansa suka rage yadda suke har UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1986.

Wurin da nake roƙon kowa kar ya bari ya wuce shi shi ne ɗan ƙaramin masallacin Bab al-Mardum, a taswira zaka ganshi da sunan Cristo de la Luz. An gama shi a shekarar 390 bayan Hijira, wato 999, kuma yana nan tsaye. Kafin ka shiga ka ɗaga kai ka dubi saman bangon gaba, akwai rubutun Larabci na Kufi da aka yi shi da jan bulo tsagwaronsa, ba fenti ba sassaƙa, jera bulon aka yi ya ba da haruffa, ya fara da Bismillah ya faɗi cewa Ahmad bin Hadidi ne ya gina shi da dukiyarsa yana neman lada, ya kuma ambaci maginin, Musa bin Ali. Rubutun ya yi ɗaruruwan shekaru a rufe sai 1899 aka gano shi. Ciki kuwa faɗinsa bai fi mita 8 zuwa 9 ba kowane gefe, ginshiƙai huɗu a tsakiya sun raba shi gida tara, kowane gida da 'yar ƙubbarsa a sama kuma ba wadda zanenta ya yi kama da ta kusa da ita, sai ka yi ta matsawa taku biyu kana ɗaga kai. A ƙarni na 12 aka mai da shi coci aka ƙara masa gini ta gefen gabas, zaka ga inda tsohon ya tsaya sabon ya ɗora. Minti 20 sun isa a zagaye shi, amma mutum ya kan fito jikinsa a sanyaye, ka tuna mutanen da suka yi sahu a wurin shekara dubu da suka wuce.

Ban da shi akwai babbar majami'ar garin da aka fara ginawa a 1226 a inda babban masallacin Juma'a yake da, ba a gama ba sai 1493, ita kaɗai tana cin awa ɗaya da rabi in zaka kalle ta da kyau. Akwai wuraren ibadar Yahudawa guda biyu da suka rage daga kafin korarsu a 1492, Santa María la Blanca mai fararen ginshiƙai wadda in ba a gaya maka ba zaka rantse masallaci ne, da El Tránsito ta wajen 1357 wadda yanzu gidan tarihi ce. Akwai cocin Santo Tomé inda babban zanen da mai zane El Greco ya yi yake, da San Juan de los Reyes mai sarƙoƙi rataye a jikin bango, da katafaren ginin Alcázar a ƙololuwar tudu. Suna sayar da wani abin ɗaurawa a hannu da ke shigar da kai wurare 7 da kuɗi ɗaya, masallacin yana ciki, Santa María la Blanca da Santo Tomé da San Juan de los Reyes ma suna ciki, babbar majami'ar ce ba ta ciki. In zaka shiga huɗu ko fiye ya biya kuɗinsa, in biyu ne kawai ka sayi tikiti ɗai ɗai. Kuma don Allah kar don ka biya kace sai ka shiga duka bakwai, haka ake mai da yawon buɗe ido ya koma aikin gayya, ka dawo baka tuna komai sai ciwon ƙafa.

Ganuwar Toledo fa? Tana nan, musamman ta gefen arewa inda kogi bai kare garin ba, kuma ƙofofinta suna da kyau ƙwarai, Bisagra sabuwa da tsohuwa, da Puerta del Sol ta ƙarni na 14. Amma ba ganuwar da zaka hau ka yi doguwar tafiya a kanta bace, gidaje da tituna sun shige jikinta, a wasu wuraren ma sai ka nema. Wanda hoton gari zagaye da ganuwa ya ja hankalinsa ya taho, in aka kai shi Toledo zai ji kamar an sauya masa kaya.

Shi wannan Avila ce tasa. Ganuwarta ta zagaye tsohon garin ruf ba inda ta yanke, tsawonta wajen kilomita 2 da rabi, tsayinta kamar mita 12, kaurinta kamar mita 3, hasumiyoyi sama da 80 masu zagayayyen gaba, ƙofofi 9. Tarihin garin yana danganta fara ginin ga Raimundo na Burgundi, surukin wancan Alfonso na 6 ɗin da ya karɓi Toledo, a ƙarshen ƙarni na 11, lokacin yankin bakin iyaka ne tsakanin Kiristocin arewa da Musulmin kudu, kuma an ci gaba da aikin a ƙarnonin da suka biyo. Kaga garuruwan biyu labarinsu ɗaya ne aka raba, ɗaya garin da aka karɓa, ɗaya garin da aka gina don tsare abin da aka karɓa. In ka matsa kusa da jikin ganuwar ta gefen gabas zaka ga duwatsun da aka kwaso daga tsofaffin kaburburan Rumawa aka saka a ginin, wasu da rubutunsu a jiki. Kuma majami'ar garin bayanta a cikin ganuwar yake, wato ita kanta hasumiyar tsaro ce, ban san wani abu da ke nuna halin zaman ɗar ɗar na wancan zamanin kamar wannan ba. UNESCO ta saka garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1985.

Ana hawa kan ganuwar da tikiti, wajen mita 1,700 ne aka buɗe wa masu tafiya, kashi biyu, gajere ta ƙofar Alcázar da dogo da ke bin gefen arewa. Ga dabarar da zata sauƙaƙa maka, garin a karkace yake, gabas ne sama yamma ne ƙasa wajen kogin Adaja. To ka hau ta mashigar da ake kira Casa de las Carnicerías kusa da majami'a ka bi dogon kashin kana gangarawa, hannun hagu rufin gidaje ne na jan tayil da farfajiyoyin tsofaffin gidajen masu sarauta, hannun dama fili ne har iya ganinka. Wajen ƙofar Carmen akwai wani dogon bangon ƙararrawa na jan bulo da shamuwa ke sheƙa a kansa, in lokacinsu ne zaka ji suna kaɗa baki kaf kaf kaf daf da kai. Matakalan hawa hasumiyoyin ƙunci ne da su kuma dogaye, ba dole sai ka hau kowace ba, uku huɗu sun isa. Ka sauka ta wajen gadar Adaja, ka haye kogin, ka ɗan hau tudu kamar minti 10 zuwa Cuatro Postes, ginshiƙai huɗu ne kawai da gicciye a tsakiya amma daga nan ne zaka ga garin gaba ɗaya a cikin ganuwarsa, hoton da ake sakawa a kati daga nan ake ɗaukarsa. Dawowa ciki hawa ne amma ba mai tsanani ba.

Gaskiyar da masu son Avila basa son faɗi ita ce in ka sauko daga ganuwar abin da ya rage ba shi da yawa, sai in tarihin addinin Kirista ya dame ka. Garin Teresa ta Avila ne, wadda aka haifa a 1515, mabiya ɗariƙar Katolika suna zuwa ziyara dominta, akwai gidan ibadar da aka gina a inda aka haife ta. Akwai cocin San Vicente a wajen ganuwa mai kyan gini, da Santo Tomás can gefe. Musulmi sun zauna a garin da yawa ƙarƙashin mulkin Kirista, har an tono maƙabartarsu mai dubban kaburbura a wajen gari, amma ba wani gini tsaye da zaka shiga kamar na Toledo. Abin da Avila ke ba ka shi ne sarari da shiru, ka zauna a dandalin Mercado Chico ka sha shayi ba mai turarka, ka bi Paseo del Rastro ta jikin ganuwar kudu kana kallon kwari da duwatsu. Toledo kuwa daga ƙarfe 11 zuwa 5 titin da ya tashi daga Zocodover zuwa majami'a cike yake maƙil da ayarin 'yan yawon buɗe ido da kantunan takubba da tsaraba, sai dai abin mamaki kana karya kwana sau biyu ka shiga lungu sai kaji tsit, don haka cunkoson ba dalilin fasa zuwa bane, dalilin sammako ne. Ka dai riƙe wayarka da walat da kyau a cikin taron, 'yan sane basa rasa irin wurin.

Watan da ka zo yana iya yanke hukuncin shi kaɗai. Toledo a Yuli da Agusta zafi ya kan kai digiri 40, ga hawa ga duwatsun titi da suka sha rana, da tsakar rana garin ba ya takuwa. Avila kuma tana sama da mita 1,100 daga teku, ita ce mafi tudu a manyan biranen lardunan Sifaniya, to lokacin zafi ta fi daɗi nesa ba kusa ba, amma Disamba zuwa Fabrairu sanyinta ba wasa, ga iska a kan ganuwa ba abin da zai kare ka, dusar ƙanƙara ma tana sauka, ranar da matakala suka yi santsi ana iya rufe hawan gaba ɗaya. A taƙaice dai lokacin zafi Avila, lokacin sanyi Toledo, Afrilu da Mayu da Oktoba kuwa duk wadda ka zaɓa ka dace. Ka lura da rana ma, a Yuni sai kusan 10 na dare take faɗuwa, a Disamba kafin 6 ta faɗi. Wannan yana da muhimmanci ga mai son ganin ganuwar Avila an kunna mata fitilu da dare, lokacin sanyi zaka gani ka kama jirginka, lokacin zafi sai ka duba jirgin ƙarshe da kyau. Haka kuma ga lissafin sallolinka, ka tsara tun daga masauki inda zaka yi su, matafiyi dai yana da sauƙin da aka yi masa.

Ranar mako ma a duba. Litinin gidajen tarihi na gwamnati a Toledo a rufe suke, har da El Tránsito da gidan tarihin El Greco. Lahadi babbar majami'ar ba ta karɓar masu kallo sai da rana saboda ibadarsu, gidajen tarihin kuma suna tashi da wuri. Ganuwar Avila ma lokutan buɗewarta suna canzawa tsakanin zafi da sanyi kuma Litinin ce ranar da ta fi hatsarin ka tarar da ita a kulle, to ka duba shafinsu daren da zaka tafi. Talata zuwa Alhamis su ne ranakun da na fi so wa kowa. Bikin Corpus Christi a Toledo, wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, da bikin Teresa na 15 ga Oktoba a Avila, gari ya kan cika, in ba bikin ka je gani ba ka kauce musu.

Abinci kuma a yi hattara, yankin nan naman alade yana shiga girki ko ba a rubuta ba. A Toledo abin da suke kira carcamusas alade ne. A Avila dankalinsu na patatas revolconas da soyayyen kitsen alade ake ɗora masa, waken judías del Barco ma yawanci da shi ake dafawa. Ka tambaya kafin a kawo, ko ka tsaya kan kifi da ƙwai da dankali, ko ka taho da guzurinka daga Madrid inda gidajen abincin halal suke da yawa. Kuma basa cin abincin rana sai daga 1 da rabi zuwa 4, kafin nan kicin bai buɗe ba bayan nan ya rufe. Tsaraba mai sauƙi, a Toledo alewar mazapán ta almon da sukari, a Avila yemas ta gwaiduwar ƙwai da sukari, amma ita bata daɗewa, kar ka ajiye ta mako biyu a jaka.

Sai tambayar da nasan tana ranka, me zai hana in bi kamfanin yawon buɗe ido su kai ni su dawo da ni? Ba laifi bane, kuma ga dattijo ko mai ƙananan yara ko wanda sam ba ya son sha'anin tashoshi yana da amfani, ga jagora yana bayani. Amma ka karanta tsarin tafiyar da kyau kafin ka biya. Da yawansu suna haɗa Avila da wani tsohon gari mai suna Segovia a yini ɗaya, wasu ma har da Toledo su zama uku, kuma abin da ke faruwa shi ne Avila ta koma tsayuwar hoto a Cuatro Postes da ɗan zagaye na awa ɗaya, ganuwar da ka zo dominta baka hau ba. Na Toledo kuma sau da yawa akwai tsayawa a shagon ƙera takubba cikin lokacin da ka biya, sannan ɗan masallacin nan ba kullum yake cikin jerinsu ba. Waɗannan garuruwan biyu suna cikin mafi sauƙin zuwa da kai a duk Sifaniya, tikiti biyu ne da taswirar waya, ko ba ka jin Sifaniyanci zaka iya. Abu ɗaya da 'yan kamfani suka fi ka shi ne Mirador del Valle, tudun da ke tsallaken kogi inda ake ganin Toledo gaba ɗayanta, su bas ɗinsu yana tsayawa a can, kai kuma sai ka ɗauki tasi ko ɗan jirgin yawon da ke tashi daga Zocodover. Ka je, ya cancanci kuɗin, kuma da yamma ya fi.

Haɗa Toledo da Avila a yini ɗaya da kanka kuwa kar ma ka fara, ba jirgin da ya haɗa su, sai ka dawo Madrid ka canza tasha, yinin ya ƙare a hanya. Avila da Segovia ana iya haɗawa da bas tunda kamar awa ɗaya ce tsakaninsu, sai dai bas ɗin ba shi da yawa, in ɗaya ya wuce ka lissafin ya rushe. Ita Segovia gari ne mai kyau, ga magudanar ruwan Rumawa mai tsayin wajen mita 28 ga fadar Alcázar, ita ma tana da ganuwa, amma ta cancanci yininta daban.

To wa zai je ina? In zuwanka Sifaniya na farko ne, ba zaka samu zuwa Kurɗuba ko Garnaɗa, manyan biranen Andalus da ke kudu, ba, kuma tarihin Andalus yana taɓa zuciyarka, ka tafi Toledo, ban da wata tantama a nan, ka kama jirgin farko farko ka fara da masallacin tun gari bai cika ba. In kana tare da iyaye masu ciwon gwiwa ko keken jariri, lungunan Toledo zasu wahalar da ku, Avila ta fi sauƙin takawa kuma mashigar ganuwa ta wajen gadar Adaja an gyara ta don masu keken guragu. Yara masu ɗan wayo ma Avila zasu fi so, hawa hasumiya ya fi musu shiga majami'u. In kwanakin taro sun gajiyar da kai kana neman iska, ko watan Agusta ne, Avila. In kuma rabin yini ne kawai gare ka, jirginka na sama da dare yake, to Toledo da jirgin ƙasa, amma ka zaɓi wurare uku ka haƙura da sauran, kuma ka sayi tikitin dawowa wanda zai bar maka rarar jirgi ɗaya a bayansa ko da wani abu ya gitta. Ko ina ka zaɓa ka sa kambas mai kauri, ka riƙe gorar ruwa da abin cajin waya, ka sauke taswirar garin a wayarka tun kana otal domin a lungunan Toledo alamar waya tana yawan ruɗewa ta nuna ka a wani titin daban.